Uba Ya Rasa Aiki, Yara Na Hannun Uwa: Batun Neman Rage Nafaƙa A Gadarif

Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, akwai wata tambaya da ba a jin ta a labaran rediyo, amma tana yawo a zaurukan malamai da harabar kotunan iyali na Gadarif. Mutum ne ya rabu da matarsa shekarun baya, yara suka zauna a hannunta, alƙali ya yanka masa kuɗin ciyar da su duk wata, yana biya daga albashinsa. Yau ma'aikatar da yake yi wa aiki ta rufe, ko an wawushe kamfanin, ko kuma sunansa yana nan a takardar ma'aikata amma albashi ya daina zuwa. Shin yana da damar ya nemi a rage masa abin da aka ɗora masa? Idan kuma aka rage, wa zai cike giɓin da zai bayyana a kwanon yaran?

Gadarif wuri ne da ya dace a duba wannan batu a cikinsa. Jiha ce a gabashin Sudan, kan iyaka da Habasha, kuma rumbun ƙasar ce wajen dawa da riɗi. 'Yan'uwanmu Hausawa sun daɗe a cikinta, da yawansu zuriyar waɗanda suka biyo hanyar aikin hajji da ƙafa ne suka yada zango, noma ya riƙe su. Yaƙin bai shiga birnin Gadarif ba, amma ya turo masa jama'a kashi-kashi. Na farko su ne mutanen Hartum. Sannan da Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, waɗanda suka fake a can suka sake ɗaukar kaya. A ƙarshen Yuni 2024 aka shiga Sinja ta jihar Sannar, sannan a Oktoba na shekarar aka afka wa ƙauyukan gabashin Jazira. Duk wannan ambaliya ta mutane, dubban ɗaruruwa, wani babban kaso nata a Gadarif ya tsaya, a makarantu da gidajen dangi da tashoshin mota. Cikinsu akwai malaman makaranta, ma'aikatan banki, direbobi, masu shaguna a kasuwannin Omdurman, mutanen da jiya ake cire nafaƙa daga albashinsu, yau su ma suna layin abinci.

Kafin mu je ga hukunci, akwai abin da duk mai magana a kan wannan batu ya kamata ya fara lissafawa. Kafin yaƙin, dalar Amurka ɗaya tana kusan fam 600 na Sudan, kuɗin da mutanen ƙasar ke kira jine. Kafin shekarar 2024 ta ƙare, ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Mu ɗauki misali kawai: a ce alƙali ya yanka wa wani uba jine 30,000 a wata a shekarar 2022. A lokacin kuɗin sun kai kimanin dala 50. Idan dala ta koma 2,400, kuɗin nan ɗin dai sun zama dala 12 da rabi. Babu wanda ya shiga kotu, babu alƙalin da ya sa hannu, amma an riga an zaftare kashi uku cikin huɗu na abincin yaran. Ke nan uban da ya zo yau yana neman ragi, yana nema ne a kan abin da tsadar rayuwa ta riga ta cinye. Uwar ma, da za ta samu kuɗin mota zuwa kotu, ƙari za ta nema, kuma tana da hujja. Talauci biyu ne suka haɗu a gaban alƙali ɗaya, kowanne da gaskiyarsa.

Dokar da ke aiki a nan ita ce Dokar Al'amuran Iyali ta Musulmi ta shekarar 1991. Ta bayyana cewa nafaƙa ta ƙunshi abinci, sutura, muhalli, magani, da duk abin da al'ada ta ɗauka a matsayin larurar rayuwa. Ta kuma ce wajen ƙayyade ta ana duba ƙarfin mai ciyarwa da yanayin tattalin arzikin wuri da zamani. Sashe na 67 shi ne ya taɓo batunmu kai tsaye, kuma abubuwa uku ne a cikinsa. Ana iya ƙara nafaƙa ko a rage ta idan hali ya canza. Ba a sauraron ƙarar neman ƙari ko ragi sai an cika wata shida da yanke ta, in ban da a yanayi na musamman. Sannan ƙarin ko ragin yana fara aiki ne daga ranar da aka shigar da ƙara.

Wannan na ukun shi ne inda mutane da yawa ke faɗawa rami, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Mutum ya rasa aiki a watan Mayu, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa tunda babu, to babu. Ya daina aikawa, ya daina ɗaukar waya, ya ce ai kowa ya san halin da ƙasa take ciki. Bayan shekara guda aka kira shi kotu, sai ya tarar hukuncin farko yana nan daram, domin babu wanda ya soke shi, kuma duk watannin da ya yi shiru sun taru sun zama bashi a wuyansa. Bashin nafaƙa kuwa doka ta fifita shi a kan sauran basussuka. Da ya je tun watan farko ya ce ga halin da nake ciki, da lissafin ya fara daga ranar. Shirunsa bai rage masa ko jine ɗaya ba, sai dai ya ƙara masa nauyi, ya kuma zubar masa da mutunci a idon 'ya'yansa, waɗanda ba su san komai game da sashe na 67 ba, abin da suka sani shi ne baba ya daina kira.

Don haka muna faɗa ba tare da kwana-kwana ba: neman ragi ba abin kunya ba ne, kuma ba zunubi ba ne. Aya ta 7 a Suratu Ɗalaƙ ta rataya ciyarwa ne a kan ƙarfin mutum, mai yalwa gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki gwargwadon abin da ke hannunsa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan mahaifi, ita ce kuma ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta hana a cutar da uba saboda ɗansa. Wanda ya matsa wa mutumin da aka ƙone masa shago cewa sai ya kawo abin da yake kawowa lokacin da shagon ke cike, bai yi adalci ba, ko da kuwa yana ganin yara yake kare wa. Amma a ɗaya ɓangaren akwai hadisin Hindu 'yar Utba, wadda ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wurin Manzon Allah (S.A.W) cewa yana ƙuntata musu, aka ba ta izinin ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa abin da aka saba. Ma'auni biyu ke nan, ƙarfin uba da isar yaro. A lokacin zaman lafiya sukan haɗu a tsakiya. A Gadarif ta yau sun yi nisa da juna, kuma duk rigimar a cikin wannan tazarar take.

Inda ya kamata a tsaya a yi dogon nazari shi ne bambanci tsakanin rasa aiki da rasa ikon nema. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a nan. A mazhabar Hanafiyya, uban da ba shi da dukiya amma yana da lafiya da ƙarfi, wajibi ne ya fita ya nema ya ciyar da 'ya'yansa, talaucinsa bai sauke masa nauyin ba. A Malikiyya, wadda ita ce mazhabar mafi yawan mutanen Sudan da mu Hausawa, an rataya wajibcin ne a kan uba ya kasance yana da abin bayarwa, kuma ba a tilasta masa sana'a don nafaƙar 'ya'ya. Abin lura shi ne, dokar 1991 ta ce duk inda ba ta yi magana ba, ana komawa ne ga ra'ayi mafi rinjaye a Hanafiyya. Saboda haka ɗalibin da ya karanta Risala a zaure, ya je kotun Gadarif yana tsammanin za a yi masa hukunci da abin da ya karanta, zai iya shan mamaki. Wannan abu ne da limamanmu ya kamata su sani kafin su ba da fatawa ga mutumin da gobe alƙali ne zai saurare shi.

Mu a ganinmu, a wannan mas'ala da wannan zamani, ra'ayin da ke cewa uba ya tashi ya nema shi ne ya fi kusa da maslahar yara. Gadarif ƙasar noma ce. Da damina akwai shuka da noma, wajen Oktoba akwai yankan riɗi, wanda ba ya jira domin in ya bushe a tsaye zubewa yake yi, bayansa ga girbin dawa har cikin sanyi, ga dako da awo a babbar kasuwar amfanin gona ta birnin. Shekara da shekaru ma'aikata na tsallakowa daga Habasha ta Galabat don wannan aiki. Mutumin da ya saba zama a ofis mai sanyi a Hartum zai ji nauyin ɗaukar lauje, mun sani, kuma ba ma yi masa dariya. Amma idan ya tsaya gaban alƙali ya ce ba ni da aiki, alhali abin da yake nufi shi ne ba ni da aikin da ya dace da matsayina, to alƙali yana da damar ya tambaye shi ko cikin yaro ya san matsayi.

Sai dai kada mu yi wa wannan magana kwalliyar da ba ta da ita. Aikin gona na lokaci ne, watanni kaɗan, sauran shekara sai zaman jira. Hannuwa sun yi yawa a garin, kowa na neman abin yi, don haka mai gona ne ke yanka lada. Manoman ma tsadar man gas da ƙarancin bashin noma sun matse su. Ga matsalar takardun kuɗi da ta biyo bayan canjin takardun jine 500 da 1,000 a Disamba 2024, inda mutum zai yi aiki a tura masa lada ta manhajar Bankak, ya rasa inda zai karɓi tsabar kuɗi sai an cire masa wani abu. Malamin makarantar da ya shafe watanni ba albashi, ya koma tallan gawayi, abin da zai samu ba zai kai rabin abin da aka yanka masa ba. Irin wannan mutum ragin da yake nema haƙƙinsa ne, kuma alƙali mai hangen nesa zai duba abin da yake iya samu a yau ne, ba albashin da ya tafi da yaƙi ba.

Akwai kuma waɗanda yaƙin ya zame musu mafaka, kuma ba za mu rufe ido a kansu ba. Mutum ya kawo takardar sallama daga aiki, gaskiya ce, amma bai faɗi cewa yana da motar haya da sunan ƙaninsa ba, ko yana da ɗan'uwa a Saudiyya da ke turo masa riyal duk wata, wanda faɗuwar jine ta ma ƙara masa daraja. Wani kuma a watan da ya shigar da ƙarar neman ragi a watan ne ya ɗaura sabon aure. Ba mu ce aure haramun ne gare shi ba, amma wanda ya samu sadaki da kayan lefe, da wuya ya gamsar da kowa cewa kuɗin madarar ɗansa ne ya gagare shi. Alƙali yana hukunci ne da zahiri da shaidu, ana iya yaudararsa. Maƙwabta da abokan sallah su ne suka san gaskiya, kuma idan aka kira su shaida suka ɓoye don kada a ɓata zumunci, sun shiga cikin alhakin. Haka nan a ɓangaren iyaye mata, akwai wadda ta san sarai tsohon mijinta ba shi da ko na shayi, amma ta nace a kulle shi don ta huce haushin saki, ko ta hana shi ganin yara har sai ya biya. Mutumin da ke kurkuku ba ya yankan riɗi. Ganin yara kuwa ba kaya ba ne da ake saye da nafaƙa, haƙƙin yaran ne su ma.

To, a ce an yi komai bisa gaskiya, uba ya zo da wuri, ya faɗi abin da yake da shi, alƙali ya rage. Yaron da ke cin tuwo sau biyu bai rage ci ba don an buga hatimi a takarda. Nan ne muke ganin tattaunawar da ake yi a majalisu ta gaza, domin kowa na tsayawa ne a kan ko uba ya yi daidai ko uwa ta yi daidai, a manta da tambayar wa zai cike. Wanda ya yi karatun Malikiyya ya san cewa a can nafaƙar dole ba ta wuce mata, iyaye matalauta da 'ya'yan cikin mutum ba, kaka ba ya ciki, uwa ma ba a ɗora mata ciyar da ɗanta ba. Dokar Sudan ta faɗaɗa da'irar: idan uba ya gaza ana duban kaka, idan su biyun sun gaza ana duban uwa in tana da hali. Ko da babu doka ma, al'adarmu ba ta san baffa ya ƙoshi 'ya'yan ɗan'uwansa na kwana da yunwa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zaman sulhun da aka yi shi tsakanin tsohon miji da tsohuwar mata kaɗai, ba a kira kaka da baffanni da kawunnai ba, an bar masu ɗaukar rabin kayan a waje.

Bayan dangi sai al'umma. Sudan na cikin ƙasashe ƙalilan da hukuma ke karɓar zakka, ta hannun Diwanin Zakka, kuma Gadarif na cikin jihohin da ke fitar da zakkar hatsi mai yawa. Amma akwai wani rukuni na yara da ke zamewa ta tsakanin yatsu a kusan kowane rabo, na hukuma ne ko na masallaci. Idan aka ce a rubuta marayu, ba sa ciki, don ubansu na raye. Idan aka ce a rubuta magidanta, uwarsu bazawara ce da ke raɓe a gidan wani, ba a ƙirga ta a matsayin gida. Ana ɗauka cewa suna da mai ciyar da su, tunda ga hukuncin kotu. Alhali yaron da ubansa ya gaza, faƙiri ne cikakke, zakka ta halatta gare shi, uban ma ta halatta gare shi, idan kuma bashin nafaƙa ya taru a kansa ba da gangan ba, akwai kason masu bashi. Da a ce duk hukuncin ragi da kotu ta yanke za a haɗa shi da takardar da uwa za ta kai ofishin zakka, da an toshe wata babbar ƙofa. Kwamitocin masallatai kuwa ba sa buƙatar jiran kowa kafin su buɗe wa irin waɗannan yara shafi a littafinsu.

Wata shawara da muke ganin ta dace da Gadarif musamman ita ce a rage dogaro da adadin kuɗi. Malaman fiƙihu tun da can sun yarda a ƙayyade nafaƙa da abinci da sutura kamar yadda aka yarda a ƙayyade ta da kuɗi, sun kuma yi maganar la'akari da tsada da araha. A garin da dawa ke fita buhu-buhu, me zai hana a yi sulhu a kan mudu kaza na dawa a wata, da mai, da sabulu, sannan kuɗi kaɗan na magani da makaranta? Mudun dawa mudun dawa ne, ko dala ta tashi ko ta sauka. Uban da ake biyansa da hatsi a gona zai fi samun sauƙin kawowa, kuma ana iya tsara masa ya ba da kaso mai yawa da kaka, lokacin da yake da shi, ya sassauta da bazara. Sharaɗin dai a rubuta, shaidu su sa hannu, a kai wa alƙali ya tabbatar, domin sulhun baka a zauren liman yana da albarka amma ba shi da haƙori ranar da ɗaya ya musanta.

Akwai matsalar da yaƙin ya haifar wadda littattafai ba su yi tanadinta ba. Mata da yawa hukuncinsu a kotunan Hartum ko Wad Madani aka yanke shi, sun gudu da yara a baya ba tare da ko takarda ɗaya ba. Wasu mazan kuma sun tsallaka Masar ko Libiya, wasu ba a san ko suna raye ba. Ga irin waɗannan, maganar ragi ko ƙari ma ba ta taso ba, neman inda za a fara ake yi. Ɗalibanmu da suka karanta shari'a da doka suna da aikin yi a nan, ko da na zama da mace ne a rubuta mata ƙara, a nuna mata ƙofar da za ta shiga.

Masu karatu a Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi kada su ɗauka labarin nesa ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayu 2023 naira ta faɗi, kuɗin ciyarwar da kotunan shari'a suka yanka shekaru uku ko huɗu baya ba sa sayen rabin abin da suke saye, kuma ƙorafin rashin ciyar da yara bayan saki na cikin abubuwan da ofisoshin Hisba suka saba gani. Bambancin kawai, can bindiga ce ta rufe wuraren aiki, nan kuma tsada ce.

Yanzu da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairu 2025, suka kuma karɓe Hartum a watan Maris, mutane sun fara komawa, wasu ma'aikatu sun buɗe, wasu albashi sun dawo. Nan ne za a gane wanda ya nemi ragi don larura da wanda ya nema don ya huta. Sashe na 67 da ya buɗe wa uba ƙofar ragi, shi ne ya buɗe wa uwa ƙofar ƙari, da wa'adin wata shida iri ɗaya. Amma macen da ke zaune a ajin makaranta a Gadarif da yara huɗu ba za ta san ranar da tsohon mijinta ya koma bakin aiki a Omdurman ba, kuma ko ta sani, kuɗin motar bin sa ya fi abin da za a ƙara mata. Shi ya sa muke roƙon alƙalai da limamai da masu unguwanni da ke zaman irin wannan sulhu, duk ragin da za su amince da shi su sa masa wa'adi a rubuce, wata shida ko zuwa girbi mai zuwa, a kuma rubuta sunan wani daga dangin uban da zai zo ya faɗi halin da ake ciki idan ranar ta cika, ko uban yana gari ko ba ya nan.